Waƙa ta Sha Ɗaya a Albam ɗin Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Albam ɗin Auta ya fito jiya. Waƙa goma sha huɗu, minti hamsin da takwas. A waje Garwashi suke ce masa, a wurina har gobe Auta ne, ƙanina da na goya har bayana ya yi ciwo. Ya sa wa albam ɗin suna Saman Bene. A hoton bango yana zaune kan wata farar mota, ya sa baƙin tabarau, ya ɗaure fuska kamar wanda aka ci wa mutunci. Tun yana yaro haka yake yi idan yana so ya ɓoye dariya.

Shekarata tara ina gabatar da shirin sharhin waƙoƙi a gidan rediyonmu, duk Juma'a ƙarfe huɗu. Ba na buɗe baki a kan albam sai na ji shi a mota, na ji shi a iyafis, na kuma ji shi ina aikin gida. Ba zan canja wannan don ɗan gidanmu ne ba. Na san aikina.

Ƙarfe goma zan karɓi Mama a asibiti. Yau kwanan Baba tara a can, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ma ya ɗauke.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na kunna shi a hanya. Waƙoƙi huɗun farko, sai dai a ce madalla. Ya buɗe da muryarsa tsirara, babu kiɗa, baiti takwas a numfashi ɗaya, sannan ganga ta faɗo. Sai da na rage gudu. Yaron nan ya koyi inda ake ajiye numfashi, abin da manyan 'yan hip-hop da yawa ba su iya ba har yau. A ta uku yana ba da labarin yadda ya kwana biyu a tasha da jaka ɗaya, kuma bai nemi a tausaya masa ba ko a layi ɗaya. Wannan shi ne ƙarfinsa, idan yana ba da labari ba ka iya sauke kunne.

Daga ta biyar abin ya fara laushi. Ina kan ta goma na iso ƙofar asibiti, na kashe.

Baba ya gane ni. Ya matsa hannuna da na hagu. Nas ta ce wannan ci gaba ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Oga ya kira ni ofishinsa. Shi ne shugaban shirye-shirye, mutumin kirki, amma ba ya son ƙura ta tashi a inda yake.

Ya ce, "Ki bar wa wani sharhin nan. Ga lalurar gida, ga kuma mai albam ɗin jininki ne. In kin yaba a ce son kai, in kin kushe a ce hassada."

Na ce, "Oga, a shekara tara ka taɓa jin na yabi abin da bai yabu ba?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa nake tsoro."

Injiniyan sauti yana bakin ƙofa da kofin shayinsa, ya ce, "Ka bar ta, Oga. Wannan ko ita ta yi waƙar sai ta ba kanta huɗu cikin goma."

Mun tsaya a kan Juma'a ta sama, sha huɗu ga wata. Kwana goma ya ishe ni.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ji waƙa ta sha ɗaya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta raunin albam ɗin tun ina da natsuwa.

Ya yi tsawo. Daga ta biyar zuwa ta tara, waƙa ɗaya ce aka sake wa riga sau biyar: ina da mota, ina da maƙiya, maƙiyan ba su da mota. Na ƙirga, ya ambaci farar motar nan sau goma sha bakwai. Ko dillalin motar ba zai yi mata wannan tallar ba.

Baƙin mawaƙa uku ya gayyato, babu wanda ya kawo abin da babu a gidan. Na waƙa ta shida ma kamar daga barci aka tashe shi aka miƙa masa makirufo. A ta bakwai Auta ya gwada waƙar soyayya, aka tura muryarsa cikin na'urar gyaran murya har ta koma kamar ƙarfe yana kuka. Muryar Auta tana da ɗan kaushi a ƙasa, irin ta Baba, kuma kaushin nan shi ne dukiyarsa. Wanda ya goge shi ya cuce shi.

Na san dalilin duk wannan. Kamfani yana son waƙar da za a saka a wurin shagali, a wayar 'yan makaranta, a shagon aski. Ba laifi ba ne a so kasuwa. Laifin shi ne ka ji mai waƙar da kansa ya ƙosa a tsakiyar waƙarsa, kuma ana jin hakan a ta takwas, inda yake jan amshin kamar mai jan buhu.

Ta goma tana da kyau. Ta sha biyu da ta sha uku ba yabo ba fallasa. Ta ƙarshe ta rufe da kyau.

Shi ke nan na yau.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Likita ya ce ƙafar za ta iya dawowa. Da na tambayi maganar baki, sai ya duba takarda.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Auta ya aiko manajansa da kwandon kayan marmari, an naɗe shi da leda mai ƙyalli. Mama ta karɓa ta yi godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta raka shi har bakin baranda. Da ta dawo ta tura kwandon ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ta ce, "Ni ɗa na haifa, ba kwando ba."

Na ce yana da hidima, makon fitar albam ne.

"Kina kare shi ne yau? Ke da ko sunansa ba kya son a kira?"

Shekara shida ke nan rabonsa da gida. Ranar da ya fita, sun yi faɗa da Baba a kan makaranta da waƙa, maganar ta kai inda bai kamata ta kai ba. Abin da Auta ya faɗa wa Baba a tsakar gida ba zan rubuta shi a nan ba. Tun daga ranar, da Mama kawai yake waya. Ta roƙi wannan, ta roƙi wancan. Auta ya ce sai Baba ya neme shi. Baba kuwa kullum amsarsa ɗaya ce, "Ni na yi nawa." Mama ba ta taɓa gane me yake nufi ba.

Na bare wa Baba lemo daga kwandon. Ya sha ruwan yanki biyu.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Aiki aiki ne, dole in rubuta a kanta.

Ta sha ɗaya sunanta Shagon Agogo. Babu baƙo, babu na'ura a murya, babu mota. Kiɗan ma kusan babu shi, sautin agogo ne guda uku da ba su tafiya tare, sai amon bes mai nauyi can ƙasa. Duk wanda ya taɓa shiga shagon Baba ya san wannan sautin. Auta ya zana shagon kamar yana tsaye a ciki: gilashin da Baba ke maƙalawa a ido, gwangwanin ƙananan kusoshi, kujerar da ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Sai ya zo nan:

"Ka gyara agogon kowa a layinmu,
nawa ya tsaya, ko kai ba ka ɗago ba.
Kalma ɗaya na jira, Baba, ka ce dawo,
shekara shida, ko a bakin wani ba ka aiko ba."

Bayan layin ƙarshe ya yi shiru na tsawon bugu huɗu, agogunan kawai ke tafiya. Wannan shirun ya fi duk abin da ke cikin albam ɗin.

Ita ce waƙa mafi kyau da ya taɓa yi. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ita ce mafi kyau da na ji a bana daga bakin kowa.

Na kasa jin ta ina aikin gida. Na ajiye tsintsiyar na zauna.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mama ta aike ni shago in ɗauko tabaran karatun Baba. Ƙura ta hau kan gilashin teburi. Rabin agogunan bango sun tsaya saboda babu mai murɗa su. Tela maƙwabcinsa ya leƙo ya tambayi jiki, ya ce mutane suna ta zuwa neman kayansu, yana ba su haƙuri.

Na zauna a kujerar nan mai gajeriyar ƙafa. A kanta nake zaune ranar, wata biyu bayan fitar Auta.

Na ɗauki tabaran na kulle shagon.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na gama rubutun sharhi. Shafi uku, babu kalmar da zan janye. Bakwai cikin goma.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Littafina ne, babu mai karantawa, to bari in faɗa sau ɗaya.

Baba ya aika. A bakina ya aika. Ranar a shago, bai ɗago daga agogon da yake gyarawa ba, ya ce, "Ki nemi ƙaninki. Ki ce masa na ce ya dawo gida, abin da ya wuce ya wuce. Kada uwarku ta ji na aike ki."

Ban je ba. A lokacin zuciyata tafasa take yi. Ni na ga fuskar Baba ranar da Auta ya yi masa maganar nan, na ga yadda ya dafa bango. Na ce a raina, uban da aka zaga ne zai fara aikawa? Bari yaron ya ji jiki, ya zo da ƙafarsa ya durƙusa. Na ba shi wata ɗaya. Bayan sati Baba ya tambaye ni, na ce na faɗa masa. Ya ce, "Me ya ce?" Na ce bai ce komai ba. Baba ya gyaɗa kai ya mayar da gilashin idonsa.

Wata ɗaya ya zama shekara. Daga nan kuma faɗar gaskiyar ta fi ƙarfina, kullum sai in ce gobe.

Yanzu mutum biyu ne suka san an yi aiken nan, ɗaya ba ya iya magana.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Injiniya ya tambaye ni wace waƙa zai shirya don gobe. Na ce ta ɗaya, ta bakwai, da ta sha ɗaya gaba ɗayanta, kada ya yanke shirun ƙarshe.

Ya ce, "Shiru a rediyo? Oga zai zaci na'ura ce ta mutu."

Na ce ya bar Oga da ni.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na yi shirin. Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya.

Na faɗa wa masu sauraro tun farko cewa mai albam ɗin ƙanina ne, su auna maganata da wannan. Na yabi numfashinsa da iya labarinsa. Na ce albam ne mai waƙa tara da aka cusa wa biyar don ya cika ido, kuma da an zubar da biyar ɗin nan da ba a yi kamarsa ba a bana. Na saka ta bakwai na minti ɗaya, na ce su ji yadda ake ɓata murya mai kyau. Na yi maganar motar, Injiniya yana ta dariya a bayan gilashi.

Sai muka saka ta sha ɗaya. Da shirun ya zo, na ga Oga ya taso daga ofis da sauri, Injiniya ya ɗaga masa hannu.

Abin da na rubuta a takarda shi ne, wannan waƙa ce da babu ƙarya a cikinta. Da na zo layin, bakina ya ƙi. Sai na ce, "Wannan waƙa ta faɗi gaskiya iyakar abin da mai ita ya sani."

Wayoyi sun yi ta shigowa. Wani ya ce ni 'yar baƙin ciki ce. Wata ta ce ta tsayar da mota ta kira mahaifinta. Oga ya ce shirin ya yi kyau, amma kada in sake ba shi tsoro da shiru.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta ya kira. Rabon da in ga lambarsa a wayata na manta. Ina barandar asibiti, kusa da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci.

Ko gaisuwa babu. Ya ce, "Yaya, waƙa biyar a zubar? A gaban duniya?"

Na ce, "Ina kwana, Auta."

"Kin san wata nawa na yi a kan albam ɗin nan?"

"Na sani. Ka kuma san biyar ɗin nan ba naka ba ne, na kamfani ne. Ka rantse kana jin ta takwas idan kai kaɗai ne a mota."

Na ji yana fitar da numfashi ta hanci. Sannan ya ce, "Bar wannan. Me kike nufi da iyakar abin da na sani?"

Na taɓa zaton idan ranar nan ta zo zan yi ta kewaye-kewaye. Ban yi ba. Na faɗa masa ranar, da kujerar, da abin da Baba ya ce, da abin da na mayar wa Baba. Ban ba da uzuri ba, don babu.

Ya ce, "Wata biyu da fitata?"

"Wata biyu."

"Lokacin ina kwana a situdiyon wani, a kan kwali."

"Na sani."

"Kin sani."

Na ce, "Auta, ni ka riƙe, ba shi ba. Yana ɗaki na huɗu, hawa na biyu. Yana gane mutane."

Ya kashe wayar.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa wa Mama ita ma. Tana ninke zanen gado, ta ci gaba da ninkewa har ta gama. Sannan ta ce, "Shi ne 'na yi nawa' ɗin." Da zan tafi ta ce in zo da sabulu gobe.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bai zo ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Magoya bayansa sun cika shafin gidan rediyo da zagi. Wani ya rubuta cewa kunnena na katako ne. Injiniya yana karanto mini yana gyara musu kuskuren rubutu. Ban ji komai ba. A kan albam ɗin ina nan a kan bakana, bakwai cikin goma, kuma nan da shekara biyar waƙa ɗaya za a riƙa tunawa a cikinsa.

Bai zo ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baba ya zauna a bakin gado minti goma da taimakon nas. Bai zo ba. Mama tana yi mini magana, amma iya abin da ya zama dole.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya zo.

Wajen sha ɗaya na safe, ina goge wa Baba baki, na ji an tsaya a ƙofa. Babu tabarau, babu manaja. Ya rame fiye da yadda yake a hoto. Ya gaida Mama a durƙushe, ta dafa kansa. Ni bai kalle ni ba.

Baba ya zuba masa ido. Hannun hagun ya fara motsi a kan bargo.

Auta ya tsaya a ƙarshen gado, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, ki isar da aiken."

Na ce, "Na faɗa maka a waya."

"A waya labari kika ba ni. Aiken nake so, yadda ya faɗa, a gabansa."

Na ajiye tawul ɗin. Na fara juyawa wurin Baba, na ce, "Baba, aiken da ka yi mini wurin Auta, ban kai ba. Ƙarya na yi maka. Bai taɓa ji ba sai ranar Asabar." Baba ya daɗe yana kallona. Ban san me ke cikin kallon ba, ban kuma kawar da kai ba.

Sannan na fuskanci ƙanina na ce, "Baba ya ce in ce maka ka dawo gida. Abin da ya wuce ya wuce."

Auta ya ce, "Ki ce masa na ji." Ya zagayo ta gefen hagu, ya durƙusa, ya sa goshinsa a kan hannun Baba. Yana ta magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba, ba kuma nawa ba ne in ji. Baba ya zare hannun a hankali ya ɗora a ƙeyarsa.

Na fita baranda. Nas ta zo wucewa da tiren magani, na roƙe ta ta ba su minti goma.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na yi shiri a kan albam ɗin wata sabuwar mawaƙiya. Shida cikin goma, amma tana da gaba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya na tarar da shi yana yi wa Baba aski, ya saƙala masa tawul a wuya, yana bin gemun a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Har yanzu ba ya gaishe ni sai Mama tana wurin. Ban nemi fiye da haka ba. Shekara shida na ci masa, ba zan ce ya yafe a kwana uku ba.

Da na zo fita ya biyo ni har bakin matakala. Na zaci maganar zai tayar, na tsaya na shirya.

Ya ce, "Likita ya ce ranar Laraba za a sallame shi. Gidan yana da matakala uku a ƙofa, keken marasa lafiya ba zai hau ba. Na samo kafinta, Litinin ƙarfe takwas zai zo ya auna. Mukullin yana wurinki?"

Na ce yana wurina.

"To ki zo da wuri. Ni ban san inda aka mayar da komai ba a gidan."

Zan isa bakwai da rabi.